Baki ma jari ne

  Yau za mu ɗan ajiye zancen zubi da ramce da rabon akwati, mu taɓa wani jari da kowace ɗayarmu take yawo da shi, wanda ba a sa masa kwaɗo, wato bakinmu, da yadda zai iya samar wa ɗiyanmu aikin yi. Don zancen ya fito sosai sai mun yi doguwar tafiya zuwa Amurka, mu koma baya kusan shekara 100, wajen wasu mata baƙaƙen fata da suka yi wannan aiki kyauta, ba wanda ya biya su ko dala.

Ditiroyit birni ne a arewacin Amurka, garin ƙera motoci. A cikinsa da kewayensa ne manyan masana'antu irin su Ford suke. Baƙaƙen fatar ƙasar, jikokin bayin da aka kwasa daga Afirka, sun yi ta barin gonakin auduga na kudu suna kwararowa can wajen biɗa, kamar dai yadda samarinmu ke ɗaukar jaka bayan girbi. A 1910 baƙaƙen fatar birnin ba su cika 6,000 ba, amma zuwa 1930 sun kai 120,000. Ana cikin haka, a watan Oktoba na 1929, tattalin arzikin Amurka ya karye. Bankuna suka yi ta rufewa, masana'antu suka yi ta sallamar ma'aikata. A wancan zamani kuwa, in za a ɗauki aiki baƙar fata ne na ƙarshen layi, in za a yi kora da shi ake farawa.

Abin da ya fi ci wa iyaye mata rai shi ne kantunan unguwarsu. Mai kanti farar fata ne, masu saye kusan dukansu baƙaƙe, amma ba za ki ga ɗanki ko ɗiyarki a bayan tebur yana karɓar kuɗi ba. Yaro ya gama makaranta da takardarsa a hannu, in an yi masa alheri a ba shi shara ko dako. Kuɗin cefanen uwarsa kuwa kullum nan suke shiga.

A watan Yuni na 1930 wata mata mai suna Fannie Peck, matar wani limamin coci, ta tara mata 50 suka kafa Ƙungiyar Matan Gida ta Ditiroyit. Ta ji labarin yadda matan unguwar Harlem ta birnin Niyok suka fara haɗa kai a kan kuɗin cefanensu, ta ce to mu ma me muke jira. Lissafinta mai sauƙi ne, kowace ɗayarmu ta san shi: ko da maigida ne ya kawo kuɗin, uwargida ce ke zaɓen kantin da za a kai su. Sharaɗin shiga ƙungiyar shi ne alkawari. Mace ta yi alkawarin za ta riƙa saye wajen ƴan uwanta baƙaƙe, ta je wajen likitansu da lauyansu, ta kuma fifita kantin da ke ɗaukar ɗiyansu aiki.

To amma alkawari a zuci ba ya ɗaukar kowa aiki. Babban aikin da suka yi na baki ne da ƙafa. Suka kafa rassa unguwa-unguwa. Suka riƙa bin gida-gida suna gaya wa mata inda ya kamata su kai kuɗinsu da dalilin haka. Suka riƙa shirya taruka da bajekoli, inda mai ɗinki da mai gasa burodi da mai kayan gyaran gashi za su shimfiɗa hajarsu jama'a su gani. Suka riƙa zuwa wajen masu kantuna suna neman a ɗauki yaransu. Har reshen ƴan mata suka buɗe, don yarinya ta tashi da sanin inda kuɗinta ke tafiya. Kafin shekara 5 ta cika, mata 50 ɗin nan sun zama kimanin 10,000. A 1933 aka haɗa irin waɗannan ƙungiyoyi na birane daban-daban aka yi uwar ƙungiya ta ƙasa, Fannie Peck ce shugabarta ta farko. Daga baya kuma aka buɗe asusun ajiya da ramce a cocinsu, aka sa masa sunanta. Kun ga ke nan, can ma zancen ya biyo ta akwati.

Ba su kaɗai ba ne. Tun 1929 wata jaridar baƙaƙen fata a birnin Shikago, mai suna Chicago Whip, ta fito da kira mai sauƙin riƙewa: kada ka sayi kaya inda ba za a ɗauke ka aiki ba. Maganar ta bi gari-gari har ta isa Washinton, babban birnin ƙasar. A can, cikin watan Agusta na 1933, wani mai gidan abinci a unguwar baƙaƙe ya kori ma'aikatansa baƙaƙe su 3, ya maye gurbinsu da farare. Wani saurayi da bai daɗe da gama jami'a ba, John Aubrey Davis, ya tara abokansa suka tsaya a ƙofar gidan da alluna a hannu, suna sanar da masu shiga abin da ya faru. Ciniki ya tsaya cik. Ba a daɗe ba aka mai da yaran bakin aikinsu. Daga nan aka kafa ƙungiyar New Negro Alliance, wadda lauyoyi da malaman makaranta da ɗalibai da iyaye mata suka riƙa yi wa aiki na sa kai, har da ƴar jaridarsu ta mako-mako.

Yadda ƴan Washinton suke gudanar da aikinsu shi ya fi dacewa mu duba. Ba da hayaniya suke farawa ba, da ƙidaya suke farawa. Sai sun bincika sun san yawan baƙaƙen da ke saye a kanti, su rubuta, sannan su tafi wajen mai kanti da lissafi a hannu, su ce masa ga yawan cinikin da muke kawo maka, ga yawan yaranmu da ka ɗauka, ka duba. In ya yarda, shi ke nan, sai a sanar da unguwa a ci gaba da saye. In ya ƙi, sai a shiga gida-gida da takardu ana yi wa mutane bayani. Tsayuwa a ƙofar kanti ita ce matakin ƙarshe. Wasu kamfanoni suka kai su ƙara, shari'a ta yi ta tafiya har Kotun Ƙoli, wadda a 1938 ta ce suna da haƙƙin tsayawa cikin lumana su sanar da jama'a. Ba ko'ina suka ci nasara ba. Akwai manyan kamfanonin da suka kafe har ƙarshe, ciki har da wanda aka kayar a kotun. Duk da haka, a lissafin ƙungiyar kanta, zuwa 1940 ta samo guraben aiki fiye da 5,000.

Yanzu mu dawo gida. Mun san akwai mai cewa, mu ina ruwanmu da wannan, mu da ba mu da wariyar launin fata? Gaskiya ne, damuwarsu daban, tamu daban. Mai kantin unguwarmu maƙwabcinmu ne, wataƙila ma tare da matarsa muke zubi, kuma sau da yawa shi ma da ƙyar yake mai da uwar kuɗinsa. Ba muna kiran kowa ta ɗauki allo ta tsaya a ƙofar shagon wani ba. Amma akwai inda muka yi kama da matan can. Su ma mata ne masu ƙaramin ƙarfi da suka saba haɗuwa a kai a kai. Su ma suna kallon ɗiyansu sun girma ba abin yi. Kuma abin da suka gano yana nan har gobe: guri na aiki yakan tafi wajen wanda aka ji labarinsa. Yaron da ya iya sana'a amma ba mai ambaton sunansa, da shi da wanda bai iya ba kusan ɗaya suke a idon kasuwa.

Kusan rabin mutanen Nijar ba su kai shekara 15 ba. Kowace shekara yara na fitowa daga cibiyoyin koyon sana'a da ke cikin gundumominmu da garejoji da shagunan teloli, sun iya ɗinki, walda, gyaran salula, gyaran babur, haɗa wutar sola, saƙa, sarrafa gyaɗa. Sai su dawo gida su zauna. Namijin ya koma fada, daga shayin farko zuwa na uku, har ranar da wani aboki zai kira shi daga Libiya ko Aljeriya. Ba mu manta da watan Oktoba na 2013 ba, lokacin da aka tsinci gawar mutum 92 a hamada kusa da iyakar Aljeriya, ƙishirwa ta kashe su, galibinsu mata da yara, mafi yawa daga yankin Kance. Ba muna cewa talla kaɗai za ta tsai da tafiya biɗa ba. Amma yaron da ake kawo masa aiki sau biyu ko uku a mako yana da dalilin jinkirta tafiya, kuma wannan jinkirin yana iya zama tsawon rai.

Tun da aka fara Mata Masu Dubara a jihar Maraɗi a 1991, mun nuna wa duniya cewa ƙaramin zubi yana zama babban jari. Abin da ba mu cika lissafawa ba shi ne yawan kunnuwan da muke isa gare su. Ƙungiya mai mata 30, kowace tana da gidan miji da gidan iyaye, tana zuwa suna da biki da gaisuwar mutuwa, tana zuwa rijiya da injin niƙa da kasuwa. Ɗan kasuwa kuɗi yake biya a yi masa shela a rediyo, maroƙi ma sai an ba shi yake wasa mutum. Mu muna da wannan hanya a hannu, ba ko sisi. Kakanninmu suna da suna ga aikin da jama'a ke taruwa su yi wa mutum ɗaya ba lada sai na Allah, suna ce masa gayya. Abin da muke kira gare shi yau gayyar baki ce.

Ga yadda muke ganin za a iya somawa, kowace ƙungiya ta duba abin da ya dace da ita.

Na farko, ƙidaya, kamar ƴan Washinton. Ranar taro, bayan an gama zubi an kulle akwati, a ware ɗan lokaci kaɗan. Kowace ta faɗi matashi ko matashiya da ta sani mai sana'a a hannu. Magatakarda ta samu kaye na daban, ba na kuɗi ba, ta rubuta suna da sana'a da unguwa. Za ku yi mamakin yawan masu sana'ar da ke cikin gidajenku da ba ku sani ba. A sa har da marayu da ɗiyan waɗanda ba sa cikin ƙungiya, kada kayen ya zama na ɗiyan shugabanni kaɗai.

Na biyu, gani ya kori ji. Kafin mu yabi aikin yaro, a tura mata biyu su gani da idonsu. Ɗinkin ya zauna? Waldar ta kama? In ya ce Laraba, Larabar ce? In akwai gyara a gaya masa a keɓe, cikin mutunci, a ba shi lokaci. Bakin ƙungiya yana da daraja ne muddin abin da ta faɗa gaskiya ne. Ranar da muka tallata wanda ya ɓata wa mutane atamfa, mun kashe kasuwar sauran yaran da ke cikin kayen.

Na uku, mu fara da kanmu. Ankon biki, gyaran injin ƙungiya, kujeru da rumfar da muke haya, har akwatin ƙarfen da muke ajiya, duk aiki ne da wani zai yi a biya shi. A duba kaye tukuna kafin a kai wani wuri. A nan akwai wani darasi daga Amurkar dai, mai ɗan ɗaci. Tun kafin zamanin matan Ditiroyit, a birnin Richmond, wata mata mai suna Maggie Lena Walker ta shugabanci wata ƙungiyar taimakon juna ta baƙaƙen fata. Ta buɗe musu jarida a 1902, banki a 1903, sannan babban kanti a 1905 don ƴan mata su samu aiki. Bankin ya rayu, amma kantin ya rufe a 1911. Ƴan kasuwa farare sun yi masa taron dangi, sannan da yawa daga mutanenta sun ci gaba da kai kuɗinsu inda suka saba. In mun yabi ɗinkin ɗiyar maƙwabciya da baki, sannan muka kai namu wani wuri, mutane ƙafarmu za su bi.

Na huɗu, a jawo masu ilimin cikinmu. Kusan kowace ƙungiya tana da ɗa ko ɗiya da ta yi lakol, ko mai iya sarrafa waya, ko ƙanen da ke aiki a gidan rediyon karkara, ko malamin makaranta mai kyan rubutu. A roƙe su sa'a ɗaya a mako fisabilillahi. Wannan ya rubuta wa yaro allon ƙofar shago da Hausa da Faransanci. Wannan ta ɗauki hoton kayan da kyau, da rana, a wuri mai tsabta. Wancan ya taya mai neman aikin ofis rubuta takardar neman aiki, ya raka shi ya yi rajista a hukumar ANPE, ko ya tambayo masa labarin horon da asusun FAFPA ke tallafawa. Saƙon murya na WhatsApp kuwa kowa ya iya: a faɗi sana'a, a faɗi unguwa, a faɗi farashi in ya yiwu, a taƙaita. Saƙon da ya wuce minti ɗaya ba kowa ke saurarensa har ƙarshe ba.

Na biyar, zuwa da kai ya fi aike. Mata uku ko huɗu masu mutunci su shirya su je wajen mai gareji ko babban tela ko mai kantin da ƙungiya ke saye a wajensa. A gaisa, a yi masa godiya, sannan a ce: Alhaji, mu 30 ne, wajenka muke sayen sukari da mai da sabulu kowane mako, muna da yaro mai hankali, mun san gidansu, muna roƙon ka gwada shi wata uku. Abin da mai shago ya fi tsoro shi ne ya ɗauki wanda bai sani ba ya cuce shi. In ƙungiya ta tsaya wa yaro, ta rage masa wannan tsoron. In ya ɗauka, mu yaɗa alherinsa ko'ina, don shi ma ya ga ribar abin da ya yi. In ya ce ba hali, a rabu lafiya, gobe ma rana ce.

Sai kuma abubuwan kiyayewa, don baki shi ke yanka wuya. Kada mu tura sanarwar ɗaukar aiki da ba mu san tushenta ba. Duk wadda aka ce sai an fara aika kuɗi ta waya kafin a ga mutum, a tsaya a bincika, don ta nan macuta ke shiga, kuma in saƙon daga wayarki ya fito, ke za a riƙe. Haka nan masu zuwa da alkawarin kai yarinya aikin gida wata ƙasa, kada sunan ƙungiya ya shiga ciki. Kada a sa hoton budurwa ko lambar wayarta a zaure sai da yardarta da ta iyayenta, ya fi kyau a sa hoton kayan, a ba da lambar uwa ko ta shugaba. Kuɗin akwati kuma ba na wannan aiki ba ne, sai in taro ya zauna ya yanke bisa dokar ƙungiya.

Akwai ɗaya da ya kamata mu faɗa wa juna ba kunya. Tallar ce kyauta, aikin yaron ba kyauta ba ne. Mun san halinmu: ai ɗana ne, ai a gabana aka haife ta, yi mini ɗinkin nan zan kawo kuɗin ranar kasuwa. Ranar kasuwa ta zo ta wuce, yarinya tana jin nauyin tambaya. Da haka jarin zare da allura ke narkewa, shago ya rufe, mu kuma mu ce yaran yanzu ba su da haƙuri. Wadda ta tallata yaro ita ya kamata ta fara biyansa cikakken kuɗinsa, hannu da hannu. Su ma yaran a gaya musu nasu: ƙungiya ta ba ka sunanta aro, ka riƙe alkawari, ka riƙe amana, ka tuna akwai ƙannenka a bayanka cikin kayen nan.

Matan Ditiroyit ba su jira gwamnati ko wani mai kuɗi ya zo ya buɗe musu hanya ba, da mata 50 da kuɗin cefane suka fara. Mu kuwa muna da taron mako da ba ya fashi, muna da magatakarda da kaye, muna da wayoyin da su ba su taɓa mafarkinsu ba. A taronku na wannan mako, a fara da suna biyar kawai. Bayan wata uku a buɗe kayen a duba: nawa suka samu ciniki, nawa aka ɗauka koyon aiki, ina aka samu tangarɗa. Ƙungiyar da ta gwada ta aiko mana da labari ta hannun wakiliyar yankinta, mai daɗi da marar daɗi, za mu kawo shi a wannan fili don sauran su ƙaru.

Allah ya shirya mana zuri'a, ya ba su sana'a mai albarka a kusa da mu, ya dawo mana da na nesa lafiya. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, in Allah ya kai mu.